Ruwan Koyo

Suka ce, "Saje Kyari, ina za ka kai su?
Damagaram ba teku, ba kogi,
sai duwatsu jibge kamar giwaye sun kwanta,
sai rijiyar da guga ke gajiya kafin ya taɓa ruwa."
Na ce ku bar ni da babur ɗina.

Tulun iska huɗu aka aiko mana daga Yamai,
da tabarau mai rufe hanci,
da takalman agwagwa da suka ba mai gadi dariya
har shayinsa ya zube.
Mutum uku aka ba ni cikin ƴan kwana-kwana:
Mutari, mai kutsawa cikin hayaƙi ba ya ƙifta ido,
amma in ruwa ya kai masa wuya, sai salati;
Gambo ɗan Garin Malam, baki kamar rediyo;
da Habsu, wadda ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙara tamke kallabinta.

Na fara da ramin masu tubali a bayan gari,
inda damina ke barin ajiyarta.
Na zura dutse da igiya: gaba huɗu,
taɓo ya riƙe dutsen, ya ƙi saki.
Na ce a'a. Nan ba makaranta ba ce.
Nan ne za a kira mu wata rana,
uwa na tsaye da takalmin ɗanta a hannu.
Ba yau ba.

Na bi hanyar Mirya ina tambayar masu lambu.
Wani tsoho mai ban-ruwan albasa ya auna ni da ido:
"Kowa zurfi yake nema,
kai kuma kana cigiyar ruwa iya cibiya?"
Ya nuna mini gabas da haɓa.

Gidimuni.
Dabino ya sunkuya yana duban fuskarsa.
Wani gefe yashi ne, yana gangarawa sannu
kamar mai shiga gidan surukai.
Na tuɓe takalmi na taka: gwiwa, ƙugu, ƙirji.
Ba ƙaya, ba yagaggen koma,
masunta suka ce sai la'asar suke biyowa.
Na kafa sanda, na ɗaura mata jan ƙyalle.

Ranar farko ba wanda ya yi nutso.
Durƙuso muka yi, ruwa iya kafaɗa,
in ka ji tsoro, miƙe, ga sama nan ba ta tafi ba.
Mutari ya miƙe sau tara.
Ban ƙirga da ƙarfi ba.
Gambo ya gano roba a baki ba ta barin surutu,
karon farko muka ji kukan tsuntsayen tabki.

Na ce musu: shaƙa kamar mai jin ƙamshin tuwo daga zaure,
saki kamar mai hura kunun yaro.
Kada ka riƙe numfashi, ba bashi ba ne.
Hannunka a igiya, idonka a kan ɗan'uwanka.

Rana ta huɗu na ƙara gaba ɗaya.
Ruwan kore ne, kana ganin tafinka, ba ka ganin ƙafarka.
Wata ƴar karfasa ta zo ta leƙa tabaran Mutari,
shi ma ya tsaya yana leƙenta,
kumfa na tashi daga bakinsa daki-daki
kamar mai jan carbi.
Ya manta ya miƙe.

Habsu ce ta daɗe.
Na bi kumfarta da ido, zuciyata na dakan sakwara,
na kusa jan igiya,
sai ga ta da wani kwanon sha, ya yi gansakuka.
Wata mai wanki a bakin gaɓa ta dafa ƙirji:
"Tun bara waccan!"

Da yamma muka loda tuluna,
tufafi na ɗiga, Gambo ya dawo da bakinsa.
A bakin gari muka wuce ramin masu tubali,
yara na tsalle a gefensa.
Habsu ta juya tana kallo har ya ɓace.
"Saje," ta ce, "gaba nawa ne?"
Na ce huɗu.
Ta ce, "Mu muna biyu."
Na ce iya ruwa fid da kai.
Gobe da asuba, a zo da igiya.