Taurari Biyar

Shagona bai fi akurkin kaji ba,
a bayan tashar Talata Mafara, jikin mai faci.
Tebur ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba.
A nan nake sayar da yabo.

Kakana Nomau maroƙi ne,
amma shi sai ya ga idon mutum kafin ya wasa shi,
ya san ubansa, ya san rumbunsa nawa.
Ni ƙarar shigowar kuɗi kaɗai na sani.
Waya na yin ƙit,
sai in zama Hajiya Luba daga Gummi
wadda zumar Alhaji Sahabi ta raba da tarin shekara uku.
In sake riga, in zama Tukur direban tirela
da ya kwana a masaukin da ban taɓa taka ƙofarsa ba,
ya ce ruwa na zuba, sauro ko na magani babu.
Sunaye arba'in da bakwai gare ni,
kowanne da irin kuskuren rubutunsa.

Taurari biyar, dubu biyu.
In kuwa so kake sunanka ya hau kan na kowa
duk sa'ad da aka tambayi injin bincike,
wannan cinikin daban ne:
sai in bi shafuka ina binne maka mahaɗi
kamar mai shuka kafin ruwan fari,
in koma gefe in jira tsiro.
Na saman jeri shi ake dannawa.
Shafi na biyu kuwa, mu maƙabarta muke ce masa.

Ran wata Laraba injin ban-ruwan Baba ya tsaya cak
a gonarmu ta Bakolori.
Tumatir na fure, ƙasa ta fara kaushi.
Ya ce, "Kai da ka san kowa a cikin waya,
nemo mana mai gyara."

Na rubuta. Na danna.
Ga Ɗan'ige Injiniya can bisa,
taurari biyar reras,
a ƙarƙashinsa Tukur direba na rantsuwa da Allah
cewa hannunsa hannun albarka ne.
Na tuna ranar. Asabar ce, ina cin gyaɗa.
Na gangara na biyu, na tarar da Hajiya Luba.
Na uku ba aikina ba ne, amma na gane ɗinkin:
Mande ne, yaron Gusau da na koya wa sana'a,
shi da ba ya iya jimla sai da "gaskiya" sau biyu.

Na yi ta ja da yatsa har waya ta ɗau zafi.
Rijiyar da na yi shekara huɗu ina zuba wa yashi,
yau ƙishirwa ta kawo ni bakinta da guga.

Baba bai ce komai ba.
Ya hau keke ya tafi wajen mai shayi ya tambaya.
Da la'asar ya dawo da wani Bawa,
tsoho mai guntun yatsa da sufana uku a buhu,
wanda ko waya ba ya riƙewa.
Ya kasa kunne jikin injin kamar ungozoma,
ya hure wani abu, ya ɗaure wani.
Ruwa ya taho.

Baba ya ce, "Sa shi a wayar taka, mutane su san shi."

Daren nan na rubuta da sunana na yanka,
karo na farko.
Na faɗi yatsan, na faɗi buhun, na faɗi ruwan.
Da na karanta sai na ji bai yi zaƙi ba,
Tukur ya fi ni iya magana.

Na neme shi da safe.
Yana shafi na bakwai, shi da Bawa.
Ina cikin kallo waya ta yi ƙit.
Dubu biyu.
Wani mai maganin basir, daga Kaura.