Tsagar Bango

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Kwana tara yana dukan kwanon rufi,
Eliana na zaune, tabarau a goshi,
tana gina aji ba bulo, ba siminti,
saboda yaran tsibiran Chiloé
da teku ke tarewa a gida in sanyi ya kankama.

An ce mata, a nan babu nauyi, babu iyaka,
ko a wuyan wata kina iya rataya makaranta.
Sai ga hannu, da abin da ya saba,
ya jera bencina sahu-sahu,
ya kafa baƙin allo,
har da agogon da ta tsana tana 'yar aji uku.
Ta ja tsaki, ta goge.

Ta sāke: rufi ya zama sarari,
lambobi na iyo kamar kifi,
ga ƙashin dabbar teku, ƙato,
a shiga ta baki a ƙirga haƙarƙari.

Ran Litinin su sha ɗaya suka shigo,
kowa daga kicin ɗin uwarsa,
jiki na haske, ba ƙafafu.
Malam Baldomero, shekara talatin da alli a hannu,
jiri ya ɗebe shi,
ya kai hannu ga teburin da babu shi.

Ko kallo dabbar ba ta samu ba.
Sun sha ganin mai rai daga kwalekwalen iyayensu.
Ayelén ta ce, ina murhu?
A ina ake shanya safa?

Nahuel ya ɓace.
Sai Fresia. Sai wasu uku.

Ta bi sawunsu a taswira:
bayan matakala, inda bango biyu suka ƙi haɗuwa,
kuskuren daren da gyangyaɗi ya ci ƙarfinta.
Can suka cusu, kafaɗa cikin kafaɗa,
Nahuel na raba dankali goma sha bakwai wa mutum biyar
da baki kawai, cikin raɗa,
Fresia na gardama a kan biyun da suka rage.
Lissafin da ya gagara mako uku
ya sauka a lungun da ba a zana ba.

Da dare ta buɗe aikin.
Kibiya ta tsaya a kan tsagar.
Dannawa ɗaya, bango ya warke.

Shayi ya huce a gefenta.

Ta ƙara wa tsagar faɗin taƙi guda.
Ta ajiye murhun da ba ya ɗumama kowa,
ta miƙa waya ta taga,
ta naɗo ƙarar ruwan kan rufinta, ta zuba musu.

Da asuba saƙon Malam ya iso:
A sa mini kujera can nesa,
inda zan riƙa jin su
in yi kamar ban gani ba.
Kuma don Allah, mai ƙafa huɗu.