Faci a Baki

Shekara talatin da ɗaya ina kiran farashin kifi
a kasuwar Matosinhos,
muryata kan riga kwale-kwale isa gaɓa.
Yau ga ni a kujera, baki a ɗinke kamar buhu.

Likita Noémia ta yanko tsoka daga ganɗata,
'yar mitsitsiya, ba ta kai farcen yaro ba,
ta lulluɓe saiwar haƙoran da dasashi ya ja baya ya bari.
An ci bashi a sama, an biya a ƙasa,
kuma inda aka ci bashin ya fi kuka.

Albano ya koma mai gadin agogo.
Ya naɗe ƙanƙara a tsumman goge kwano:
minti ashirin a kunci, ashirin a huta.
Ƙwaya kuwa, tun zogi na barci ake haɗiye ta.
In ya riga ki tashi,
sai ki bi shi da lallashi har asuba.

Kwana na uku kuncina ya yi suntum
kamar na ɓoye lemo.
Jikata Benedita ta tuntsire da dariya,
na so in taya ta, zare ya ce kul!

Miyar kabeji sai ta huce sarai,
ta shigo ta gefen dama kamar baƙuwa mai kunya.
Ba kofi mai tururi, ba ɓawon burodi.
Ruwan gishiri ma ba a kurkure shi da ƙarfi,
in karkata kai, ya kewaya, ya zubo don kansa.
Ni da gishiri ya cinye wa tafin hannu,
yau da cokalin shayi nake auna shi.

Harshe ne ɓarawon gidan.
An ce kar ya taɓa, ya ce to,
da an kashe fitila sai ya lallaɓa ƙirga ɗinki.

Matashi uku a bayana, barcin zaune.
Jirgi na kuka cikin hazon teku,
zuciyata ta ƙaura zuwa rufin baki
tana bugawa a can.

Ran na takwas, hantsi ya ɗaga
kafin in tuna ban sha ƙwaya ba.
Na buɗe taga. Ƙarnin kifi ya shigo.
Can ƙasa Graciete na kira a rumfata,
ta karya farashi, muryar kamar ta kyanwa.

Na motsa leɓe a hankali,
na faɗi kuɗin daidai.
Albano kaɗai ya ji.