Sandar da Ban Sauke Ba

Shekara talatin da ɗaya ina bayan sahu,
ni da babbar ganga da sanda mai kan auduga.
A daren rufe kakar kiɗa aikina bai wuce uku ba:
dum, dum, dum, zaure ya miƙe tsaye,
tutocin takarda su tashi kamar balbelu a fadama,
a rera taken ƙasa, a tafa, kowa ya nemi motarsa.

Haka muka gada daga Baba Gyang,
wanda ya koyi badujala a barikin 'yan sanda.
Baƙar kwat, takalmi mai ɗaukar ido,
ba a tari tsakanin kiɗa da kiɗa,
layin gaba na manya ne, ko sun zo ko ba su zo ba.
Sau tari ba su zo ba.
Mun sha yi wa kujeru goma sha biyu kiɗa
suna zaune cikin farin ƙyalle, ba sa tafi.

Bana sai ga Kachollom,
yarinyar da na sani tana barci a akwatin ƙahon ubanta,
ta dawo daga karatu da tsinken jagora a hannu.
Ta ɓamɓare sunayen da ke layin gaba,
ta zaunar da masu dankalin Farin Gada.
Ta aika Gangare aka zo da Malam Ɗanjummai,
gogensa na ƙwarya kafaɗa da kafaɗa da gogen Turawa.
Kundung ya hauro daga Riyom a bayan a-kori-kura.
Masu busa suka yi ta ƙunƙuni a bayan labule.
Ni ban tanka ba, ba a taɓa min ganga ba.

Ran gwajin ƙarshe ta tako har inda nake.
"Baba Tanko, bana ba za ka buga ukun nan ba.
Ɗaga sandar kawai, ka riƙe ta a sama."
Na ce, har yaushe?
Ta miƙo min 'yar takarda: "Har ka gama wannan a zuci."

Ladi mai sarewa.
Isiyaku mai begila, da ya kwashe iyali zuwa Bauchi
a shekarar da hayaƙi ya raba unguwanni.
Davou, da ya fita sayen tsirkiya ran wata Juma'a.
Suna tara. Duk na san inda kowa ke zama,
na san wanda ke shiga kafin lokaci,
da wanda har yau nake bi kuɗin shayi.

Daren ya zo da ruwan ƙarshen Satumba,
kwanon rufi yana nasa kiɗan, janareta yana nasa.
Muka kai gaɓar da kowa ya haddace.
Tutoci suka ɗago, suna jirana.
Na ɗaga.

Ban san shiru yana da nauyi ba sai a kafaɗata.
Wani ya yi tari, ba wanda ya harare shi.
Wani tsoho a layi na uku ya ce, "Ya manta ne?"
A kan Isiyaku hannuna ya fara rawa.
A kan na bakwai wata mai dankali ta miƙe,
ba ganga, ba umarni, mayafinta na zamewa,
sai na kusa da ita, sai bayanta.

Gogen Ɗanjummai ne ya ɗauko taken,
can ƙasa, kamar mai lallashin jariri,
mu kuma muka bi shi a hankali.

Har yanzu ban ce na yarda ba.
Baba Gyang da ya gani da ya ajiye kwat ya fita.
Amma da tasi ta sauke ni a Tudun Wada,
na tsaya a ƙofar gida, ruwa na bin wuyana,
na ƙwanƙwasa,
sai da matata ta buɗe ta ce,
"Yau kuma sau tara?"