Awa Arba'in

Ran Laraba, bayan la'asar, a rumfata ta Ƙofar Guga,
Mannir ya ajiye agogon mahaifinsa a kan faranti,
ya ce, "Sallau, sa masa batir, ya mutu."

Na maƙala gilashi a ido,
na ɓare bayansa a hankali kamar goro.
Babu gurbin batir a ciki,
sai rabin wata na ƙarfe yana lilo a kan ƙusa guda,
nauyinsa duk a baki,
kamar gululu a gindin mazari.

Maƙerin nan bai sayo kayan ciki a kasuwa ba.
A gida ɗaya aka yanka kowane haƙori,
aka dasa jajayen duwatsu inda ƙarfe ke cin ƙarfe,
aka goge har ƙasan ƙusar da ido ba ya kaiwa.
Na ga wurin da ya yi gardama da kansa:
in ya tsawaita zaren ƙarfe, agogo ya yi ƙiba,
ya ƙi shiga hannun kaftani;
in ya rage, numfashi ya gajarce.
Sai ya tsaya a awa arba'in.

Na ce, "Yaushe Alhaji Barmo ya cika?"
Ya ce, "Asabar da asuba, yana gama alwala."
Na dubi fuskar agogo:
taga na nuna Lahadi, hannu na kan tara.

Ashe ana zaman makoki a kan tabarmi
shi yana cikin aljihun rigar da aka rataye,
yana cin guzurin da mai shi ya bar masa:
musafahar ƙofar masallaci,
awon gyaɗa kwano-kwano,
jan carbi, korar ƙuda,
da dungurin da ya yi wa jika ran Juma'a.
Ya ƙirga su ɗaya-ɗaya har suka ƙare.

Ban taɓa komai ba. Na mayar da murfi.
Na ce, "Lafiyarsa lau, hannu ya rasa.
Ɗaura, ka taka zuwa Ƙofar Ƙwaya ka dawo."

Ya ɗaura, sai fata ta zame masa har bayan tafi.
Barmo ƙaƙƙarfan mutum ne.
Na ɗauko basilla na huda sabon rami,
rami biyu ƙasa da wanda ya yi baƙi da gumi.

"Nawa?" in ji shi.
Na ce, "Ɗari biyu, kuɗin huji."
Bai ji ba. Kunnensa na kan wuyan hannunsa.