Tafiyar da Ba a Zuwa Ko'ina

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Todmorden,
jaka a kafaɗa, yayyafi a ƙeya,
hawa, gangara, da karen gida mai lamba tara.
Duk wanda ya ji sunana sai ya murmusa:
"Walker, wato mai tafiya! Suna linzami."
Ni ma na yarda, me zai hana?
Na ɗauka kakan kakana gwanin dogon zango ne,
mai sanda, wanda ba garin da ya iya riƙe shi.

Ran Lahadi jikata Bryony ta zo
da takarda daga laburare, tana ƙunshe dariya.
Ta ce, "Kaka, ba inda ya je fa."

Kwami ne, in ji ta, a bakin kogi.
A shimfiɗa ulu, saukarsa ke nan daga masaƙa,
da maiƙon tunkiya, sako-sako kamar raga.
A zuba yumɓu. A zuba fitsarin da ya kwana,
wanda aka bi gida gida aka tara.
Sai mutumin ya naɗe wando ya shiga.

Taka, taka, taka.
Wari na yankan ido, sanyi na cin ƙashi,
tun asuba har a kunna fitila
yana tafe, bai bar gaban bangon nan ba,
har zare ya rungumi zare,
yadi ya yi kauri, iska ta rasa ƙofa.

A kudu, ta ce, wani suna suke ba shi,
a yamma ma wani. Mu nan arewa
ƙafarsa muka duba.
Daga baya injin ruwa ya zo da gudumar katako
ya karɓe aikin. Sunan bai karɓu ba.

Na yi shiru. Shayina ya huce.
Ina neman jin kunya, ban same ta ba.
Wani makiyayi a kan tudun can, wata jaririya a zani,
sun kwana da ɗumi
don wani ya yarda ya yi wari.

Da dare na sa ƙafafuna a ruwan zafi da gishiri,
kamar kullum, saboda gwiwa.
Ban ankara ba na ji suna motsi a cikin kwano,
hagu, dama,
hagu.