Kanwar da Na Jiƙa

Ni na hura wutar da hannuna,
tun ladanin Jega bai yi gyaran murya ba.
Ni na karyo ganyen darbejiya,
na tsoma a tafasasshen ruwa na fyaɗa wa Kulu,
yadda aka fyaɗa mini haihuwa tara
ban ce uffan ba.

Ni na jiƙa kanwa, ungurnu mai kyau,
na dama kunu har ludayi ya tsaya da ƙafarsa.
Na ce, "Shanye, mai jego ba ta ragi."
Ta shanye.
Kulu ba ta taɓa yi mini musu ba.

Kwana ashirin da haihuwar Sahabi
ƙafa ta ƙi takalmi.
Na ce ƙibar jego ce, har na yi guɗa a raina.
Sai ranar da na danna ƙaurinta da yatsa,
ramin ya zauna
kamar sawun saniya a lakar bakin gulbi,
ya ƙi cikowa.

Daga ɗaki zuwa randa taku bakwai ne,
sai ta huta sau biyu.
In dare ya yi kwanciya ta gagara:
matashi ɗaya, matashi biyu, har buhun shinkafa a bayanta,
tana zaune tana kamun iska
kamar tarwaɗa a tudu.

Aka ce mutanen ruwa ne. Aka ce baki ne.
Na yi hayaƙi, na karɓo rubutu,
tunkiyata ta tafi kasuwa ba ta dawo ba.
Mijinta Mani, da ba ya haɗa ido da ni,
ran nan ya dube ni:
"Inna, gobe sai Birnin Kebbi."

Likitar yarinya ce, sa'ar autana.
Ta shafa wani mai mai sanyi a ƙirjin Kulu,
ta juyo mini da allo:
"Ga zuciyar 'yarki."
Na ga wani abu yana motsi a kasale,
kamar tsohuwa ita kaɗai a kan tukunyar tuwon biki.

"Kin san injin ban-ruwa na fadama?
In ya gaji, ruwa ba ya hawa,
sai ya koma ya kwanta inda ba a gayyace shi ba.
Nata ya kwanta a ƙafa da huhu."

Na ce, "Ni ce?"

Ta daɗe tana duban hannuna,
duk tabon wuta.
"Ciwon kan zo ko ba kanwa, Inna.
Amma kaya ne a kan jaki mai ɗingishi.
A sauke masa."

Aka ba ta 'yar ƙwaya, ba ta kai ƙwarar wake ba.
Daren nan na zubar da fo sau shida,
ina zubarwa ina hamdala,
ni da ban taɓa zaton zan gode wa Allah kan fitsari ba.
Rana ta biyar idon sawunta ya fito
kamar tsibiri in ambaliya ta janye.

Muka dawo da doka a leda:
fara da safe, ja da dare,
gishiri sai dai a gaishe shi daga nesa,
wani cikin kuma, a dakata tukuna.

Yanzu maƙwabta na cewa miyata lami,
wai tsufa ya cinye mini hannu.
Ina jin su.
Sauran kanwar na zuba wa awaki,
suna lasa suna kallona.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
in gida ya yi tsit,
nakan lallaɓa ɗakinta ba fitila,
in tarar da ita kwance, a miƙe, matashi ɗaya,
Sahabi ya kama bakin zaninta.
In durƙusa, in sa kunne a bayanta
yadda nake yi tana 'yar wata biyu,
in ƙirga har ɗari.
Wani lokaci in ɓata lissafi da gangan
don in sake farawa.